Ɗana yana buga kansa da bango yana cizon hannunsa: me ke jawo haka, kuma akwai magani?

Tambaya:

Wata uwa ta rubuto cewa: "Ɗana shekararsa shida. Likita ya ce yana da otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, kuma har yanzu kalmomin da yake faɗi ba su fi biyar ba. Tun yana shekara uku yake buga kansa da bango ko da ƙasa, yanzu ya ƙara da cizon bayan hannunsa har wurin ya yi kanta. Kakarsa ta ce iskokai ne, mahaifinsa ya ce sangarta ce, sai an riƙa tsawata masa. Wani mai kemis ya ba mu maganin barci, abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Idan ya tsananta, ɗaure masa hannu nake yi da ɗankwali. Me ke sa shi haka, kuma akwai maganinsa?"

Amsa:

Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Iyaye da yawa da nake gani sun shafe shekaru suna ɓoye wannan matsala don gudun bakin mutane, alhali ba baƙuwa ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2016, daga bayanan da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara kan yara sama da 8,000 masu otizim 'yan shekara takwas, ya tarar kusan kashi 28 cikin ɗari suna ji wa kansu ciwo ta irin wannan hanya. Ana ganin haka kuma a yaran da fahimtarsu ta samu rauni ta wasu dalilai, kamar doguwar naƙuda, ko ciwon shawara da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun suna jarirai, ko sanƙarau, kuma ya fi yawa ga yaron da ba shi da magana. Wasu jarirai lafiyayyu ma sukan buga kai lokacin barci kafin su cika shekara, amma yawanci sukan daina kafin shekara uku ko huɗu, kuma da wuya su ji rauni. Na ɗanki ya wuce wannan, tunda ya daɗe, ya ƙaru, har ya bar tabo.

Akwai abin yi, kuma yana yi wa yara da yawa aiki. Yaron da ya shekara uku yana maimaita abu duk da zafin da ke cikinsa, akwai abin da yake samu daga yin sa, ko akwai abin da ke damunsa. Ruwa ba ya tsami banza. Aikinmu shi ne mu gano mene ne wannan abin, sannan mu koya masa hanya mai sauƙi ta samunsa ba tare da ya raunata kansa ba.

Jikinsa za a fara dubawa, kuma a nan ne aka fi yin tsallake. Yaro mai magana zai ce, "Umma, kunnena." Wanda ba shi da magana sai ya daki kunnen, ko ya gwara gefen kansa da bango, domin wani zafin yakan danne wani na ɗan lokaci. Don haka ki kai shi wurin likitan yara a leƙa kunnuwansa da fitilar kunne, a duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, musamman ma a shekara shida, lokacin da manyan turame ke fitowa a can ƙurya, haƙoran farko kuma suka fara girgiɗa. A tambayi yanayin bayan gidansa, don cushewar ciki ta yi yawa a yara masu otizim, musamman masu zaɓen abinci, kuma tana sa ciwo sosai. A duba ƙwannafi, da ƙazwa ko wani ƙaiƙayin fata, da tsutsar ciki, da ciwon mafitsara. Idan ba a taɓa yi masa gwajin sikila ba, a yi, domin ciwon ƙashi a jikin yaron da ba zai iya nuna inda ke masa zafi ba yakan fito da siffar rigima. Idan yana shan maganin farfaɗiya, ki gaya wa likita sunansa, saboda wasunsu, irin su fenobarbiton, sukan sa wasu yara ƙiriniya da saurin fushi. Ga 'yan mata da suka fara girma akan lura da ko abin yana tashi ne daidai lokacin al'ada.

Alamomin da ke sa ni zargin ciwo su ne: abin ya tsananta farat ɗaya, ko ya koma dukan wuri guda, ko yana tashe shi daga barci, ko yana zuwa bayan cin abinci, ko kuma yana yin sa ko da mutane ko babu, kuma ba abin da aka ba shi da ke sa ya daina. Rashin barci shi kansa yana ƙara komai muni. Yaron da zai jure wanka a ranar da ya yi barci ya ƙoshi, shi ne zai kasa jurewa a ranar da ya kwana ido biyu.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su. Idan bayan ya buga kai ya yi ta amai, ko ya riƙa barcin da ba a saba gani ba, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to asibiti nan take. Yawan dukan kai da fuska yana iya ɓamɓare tantanin bayan ido ko ya kawo yanar ido, yaro ya makance ba wanda ya lura sai ya fara karo da abubuwa. Shi ya sa nake ba da shawarar likitan ido ya riƙa duba duk yaron da ya daɗe yana buga kai. Cizon da ya fasa fata a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, idan ya kumbura ko ya yi ruwa a kai shi a duba, don bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta.

Wasu larurorin gado suna zuwa da nasu salon. Mafi shahara ita ce wadda Michael Lesch da William Nyhan suka bayyana a 1964, wadda kusan maza kaɗai take kamawa. Yaron yakan kasa zama da tafiya daidai, akan ga wani abu kamar jan yashi a ƙunzugunsa, kuma yakan ciji leɓensa da yatsunsa ba da son ransa ba, har ya firgita idan aka sake masa hannu. A wata larurar mai suna Cornelia de Lange kuwa, sau da yawa dawowar ruwan ciki zuwa maƙogwaro ne ke tayar da abin, idan aka magance shi sai a ga sauƙi. Bayaninki bai nuna ko ɗaya ba, amma likita ya kamata ya tuna da su.

To idan an duba jiki an magance abin da aka gani, ko ba a ga komai ba, sai a koma kan halayyar.

A da, abin da aka fi yi wa irin waɗannan yara a gidajen kula da naƙasassu na Amurka da Turai shi ne ɗauri, da ƙwayoyin kwantarwa, da horo. A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Edward Carr ya tattara abin da aka rubuta kan matsalar, ya nuna cewa yara biyu za su iya yin abu iri ɗaya sak amma dalilinsu ya sha bamban. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa, a cibiyar Kennedy da ke birnin Baltimore, suka fito da hanyar gwada dalilin. Sun ɗauki yara tara, suna sa kowanne cikin yanayi huɗu, minti goma sha biyar kowane zama, a ƙarƙashin kulawar likitoci da ƙa'idar tsayar da zaman idan rauni ya yi barazana. A yanayi na farko babba yana zaune yana karatunsa, ba ya kula yaron sai ya daki kansa, sannan ya juyo ya nuna damuwa. A na biyu ana ba yaron aiki mai wuya, idan ya daki kansa a janye aikin na ɗan lokaci. A na uku yaron yana shi kaɗai ba abin wasa. A na huɗu akwai kayan wasa, ana kula shi, ba a neman ya yi komai. Cikin taran, shida sun nuna a fili cewa dukan yana yawaita ne a wani yanayi guda. A 1994 suka wallafa sakamakon mutum 152, yara da manya: kusan kashi 38 cikin ɗari suna yi ne don kuɓuta daga wani aiki ko abin da ba sa so, kusan kashi 26 don samun kulawa ko abinci ko wani abin hannu, kusan kashi 26 saboda abin da suke ji a jikinsu daga dukan kansa, sauran kuma dalili fiye da ɗaya ko ba a gane ba. Har yau wannan hanya ita ce ginshiƙin aikin.

A gida abin yakan fito kamar haka. Mai neman kuɓuta zai fara ne idan aka ce wanka, ko aski, ko sa kaya, ko aka shigar da shi hayaniyar taron suna, ko aka tayar da janareta ko injin markaɗe kusa da shi, kuma da zarar an ƙyale shi sai ya lafa. Mai neman kulawa zai fara ne lokacin da kike girki, ko kina waya, ko kina shayar da ƙaninsa. Mai neman abu zai fara ne idan an karɓe waya daga hannunsa, ko an rufe ƙofar fita, ko ya ga biskit an hana. Mai yi saboda abin da yake ji a jikinsa kuwa ko shi kaɗai ne a ɗaki zai yi, kuma shigowarki ba ta canja komai.

Ba da gangan kowa ya koya masa ba, kuma ba wayo yake yi muku ba. Da farko kuka ya yi, ba wanda ya gane abin da yake so. Wata rana cikin kukan kansa ya bugi ƙasa, sai duk gidan suka taso, aka rungume shi, aka fasa wankan, aka miƙo abin da yake so. Kowace uwa haka za ta yi. Da aka saba da ƙaramin bugu aka daina tasowa, sai babban bugu ya zama shi ke kawo amsa. A hankali ya zama ita ce hanyar da ta fi yi masa aiki cikin duk hanyoyin da yake da su.

Wannan ne ya sa ba zan iya ba ki magani ɗaya in ce kowa ya yi amfani da shi ba. Shawarar "ku ƙyale shi, zai daina" idan aka ba iyayen yaron da ke gudun wanka, an ba shi daidai abin da yake nema ke nan, gobe zai ƙara. Tsawa da faɗa ga yaron da ke neman kulawa su ma kulawa ce, domin an juyo, an kalle shi, an kira sunansa. Shi ya sa shawarar mahaifinsa, duk da kyakkyawar niyyarsa, take iya ƙara wa abin ƙarfi.

Abin da za ki yi da kanki shi ne ki sayi ƙaramin littafin rubutu ki riƙe shi mako biyu. Duk lokacin da abin ya faru ki rubuta ƙarfe nawa, a ina, su wa ke wurin, me ya faru daf da farawarsa, me ya yi, me mutane suka yi, kuma me ya sa ya daina. Ki rubuta abin da ido ya gani. "Ya yi fushi" ba zai taimaka mana ba. "Na karɓi waya, ya kwanta ya buga kai sau huɗu, na mayar masa, ya yi shiru" shi ne ke da amfani. A saman kowane shafi ki sa yadda ya yi barci, da ko ya yi bayan gida, da abin da ya ci. Ki lura kuma da lokutan da ba ya yi ko kaɗan, wataƙila idan yana wasa da ruwa, ko yana bayan babur ɗin babansa, ko yana wurin wata yayarsa. Waɗannan lokutan sukan koya mana fiye da lokutan rikicin. Idan akwai wani a kusa da zai ɗauki ɗan gajeren bidiyo da waya yayin da ke kike kare yaron, zai taimaki likita.

Hattara da abu biyu. Littafin zai yi ta nuna miki cewa bayan kowane bugu wani ya zo wurinsa, sai ki zaci kulawa yake nema. Kusan kowane yaro idan ya daki kansa wani zai taso, don haka wannan shi kaɗai ba hujja ba ne. Ki dubi abin da ya gabata, da abin da ya sa ya tsaya. Na biyu, kada ki tsokano abin da gangan don ki gwada. Gwajin da na bayyana a sama ƙwararru ke yin sa, da shirin kare yaro.

Idan dalilin ya bayyana, babban maganin shi ne a koya masa roƙo. A 1985 Carr da Mark Durand suka nuna haka da yara huɗu. Yaron da ke rigima saboda aiki ya yi masa wuya, da aka koya masa ya ce bai gane ba a taimake shi, sai rigimar ta faɗi ƙasa warwas. Da aka koya masa wata jimlar da ba ta dace da buƙatarsa ba, ba abin da ya canja. Ke nan dole roƙon ya kawo ainihin abin da dukan yake kawowa. Ba lallai ne ya zama da baki ba. Zai iya zama ɗaga tafin hannu, ko taɓa hoto, ko miƙo kofi idan ruwa yake so, ko taɓa hannunki. Kada ki ji tsoron alamar hannu ko hoto za su hana shi magana. Bincike bai nuna haka ba, wasu yaran ma ta nan bakinsu ke ƙara buɗewa.

Sharuɗɗan nasararsa su ne ya fi dukan sauƙi, a amsa shi nan take kowane lokaci a farko, kuma a koyar da shi lokacin da yaron yake cikin natsuwa. Mu ɗauka littafinki ya nuna wanka ne babban abin. Sai ki fara da gyara wankan kansa: ruwan ya zama mai ɗumi, a gajarta shi, a bar zuba ruwa a ka sai ƙarshe, a yi shi a lokaci guda kullum, a nuna masa soso ko bokiti tun kafin a fara don kada ya zo masa ba zato. Kina farawa, tun bai kai ga rigima ba, ki kama hannunsa ki ɗaga tafin, ki ce "dakata", ki tsaya cak na rabin minti, sannan ki ci gaba. Ki maimaita sau da yawa a wanka ɗaya. Kwana bayan kwana ki rage kama hannun, daga tafin zuwa taɓa gwiwar hannu, har ya ɗaga da kansa. Ranar da ya ɗaga da kansa ki tsaya ko da sabulu ne a jikinsa. Idan kuma ya kai wa hannunsa cizo, ki tare da hannunki ba tare da magana ko kallon tsoro ba, ki jira 'yan daƙiƙu, ki taimaka masa ya yi alamar, sannan ki ba shi hutun. Abin da muke so ya gane shi ne alamar ce ke kawo hutu, kuma ta fi saurin kawo shi.

Idan kulawa ce, a ba shi tun bai nema ba. Kina girki, kowane minti biyu ko uku ki juyo ki shafa kansa ki yi masa magana, ko ki zaunar da shi kusa da ke da kwano da ludayi nesa da wuta, sannan a koya masa taɓa hannunki. An gwada wannan salo na bayar da kulawa a kan lokaci tun 1993, kuma yana rage dukan sosai, don wanda ya ƙoshi da abu ba ya wahalar nemansa. Idan abin hannu ne, a koya masa nunawa ko miƙo hoto.

Za ki ce, to shi ke nan kullum ya ɗaga hannu sai a fasa wanka, kullum ya nuna waya sai a ba shi? A farko, i. Bayan roƙon ya zauna, dukan ya ragu na wasu makonni, sai a fara koya masa jira: daƙiƙa biyar, goma, rabin minti, ko "wanke hannu ɗaya tukuna sannan hutu". Wasu gidajen sukan yi amfani da ƙyalle biyu, kore idan abin yana samuwa, ja idan ba ya samuwa, a fara da ɗaga jan na ɗan lokaci ƙanƙani a riƙa tsawaitawa. Gaggawa a wannan mataki ita ce ta fi dawo da hannun agogo baya.

Ki shirya wa yiwuwar abin ya ƙaru a kwanakin farko. Mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka saba buɗe masa, idan ya ji shiru, ƙara ƙarfi yake yi kafin ya haƙura. Wani nazari na 1995 ya tarar irin wannan tashin yana faruwa a kusan kashi 36 cikin ɗari idan an tsaya kan daina amsa dukan kawai, amma ya sauko zuwa kusan kashi 12 idan an haɗa da wasu matakai irin na koyar da roƙo. Saboda haka ban yarda a ce wa uwa ta kau da kai daga yaron da ke buga kansa da siminti ba. A kare kan, a rage surutu, a buɗe masa wata hanyar. Kuma dole duk gidan su bi tsari ɗaya, da mahaifinsa, da kakarsa, da yayyensa, da malaminsa idan yana zuwa makaranta. Idan ke kin daure amma wani ya miƙa wayar a bugu na goma, an koya masa ya riƙa kaiwa goma.

Nau'in da yaro ke yi saboda abin da yake ji a jikinsa ya fi wuyar sha'ani, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ake yi shi ne a nemo abubuwan da ke gogayya da dukan. A ba shi abu ɗaya na minti biyar, lilo, ko yashi, ko roba mai tauri mai tsabta da zai tauna wadda ba za ta gutsure ba, ko ruwa a baho kina tsaye a kansa, ko matsa masa kafaɗu da hannuwa, a ƙirga sau nawa ya ciji kansa da kowanne. Wanda ya fi rage cizon shi za a wadata shi da shi, musamman a lokutan zaman banza. Wannan nau'in ya fi buƙatar ƙwararre ya bi shi.

Batun ɗankwali kuma, na san tsoro ne ya kai ki, kuma ba na ganin laifinki. Amma ɗauri yana hana jini gudu, yana sandarar da gaɓoɓi idan ya daɗe, ba ya koya wa yaro komai, kuma wasu yaran sukan saba da shi har su riƙa dukan kansu don a ɗaure su. Ki jingina tsohuwar katifa a bangon da ya fi zuwa, ki shimfiɗa abu mai laushi inda yake zama, ki ajiye matashi kusa don ki sa tsakanin kansa da ƙasa, ki yanke masa farce, ki sa masa riga mai dogon hannu mai kauri. Idan ya zama dole a riƙe shi, a riƙe na ɗan lokaci a sake da zarar ya lafa, kuma kada a taɓa kifa shi a danne, ko a matse masa ƙirji ko wuya, don yara sun mutu ta haka. Hula mai laushi ta kare kai tana da amfani ga wanda bugunsa ya yi tsanani, amma da shawarar likita da shirin cire ta a hankali. Duka kuwa babu shi a cikin magani ko kaɗan. Yaron da zafin bango bai hana shi ba, bulala ba za ta hana shi ba, sai dai ta ƙara masa tsoron mutanen da ya dogara da su.

Ƙwayoyi suna da gurbinsu, amma ƙarami ne. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da risperidon a 2006 da aripiprazol a 2009 don rage tsananin fushi da duka da cutar da kai ga yara masu otizim. A babban gwajin risperidon na 2002, da yara 101 na mako takwas, kashi 69 cikin ɗari na masu shan maganin sun samu sauƙi, a kan kashi 12 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Amma masu shan sa sun ƙara nauyin kilo 2.7 a wannan ɗan lokaci, ga barci da yawan ci, kuma daɗewa a kansa yana iya taɓa sukarin jini ko ya kawo motsin baki da gaɓoɓi da ba a so. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila ta 2015 ita ce kada a fara irin wannan magani sai matakan halayya sun gaza ko haɗarin ya yi tsanani, a haɗa shi da su, a duba bayan mako uku zuwa huɗu, a daina idan mako shida ya cika ba a ga amfani ba. Likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ne zai rubuta shi ya riƙa auna yaron. Maganin barcin kemis kuwa kasala kawai yake saukar masa, buƙatar tana nan, shi ya sa abin ya dawo. Idan ya daɗe yana sha kullum kada ki tsayar farat ɗaya, ki kai kwalin wurin likita ya tsara yadda za a janye.

Game da maganar kakarsa, addu'a da karanta wa yaro Alƙur'ani ba su ci karo da komai cikin abin da na faɗa ba, ku ci gaba da yi. Abin da nake roƙo shi ne kada a kai shi inda za a doke shi da sunan fitar da iska, ko a turara shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a sa masa mari, ko a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Ki nuna wa Hajiya littafin bayan mako biyu. Idan ta ga da idonta cewa abin yana zuwa ne a lokacin wanka ko lokacin karɓe waya, sau da yawa ita ce za ta fi kowa riƙe tsarin, tunda ita ke zaune da shi idan kin fita. Mahaifinsa kuma a ba shi aikin rubuta na yamma da na dare.

Ƙwararrun wannan fanni sun yi ƙaranci a ƙasashenmu, amma iyaye suna iya ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 a Amurka, da yara 180 'yan shekara uku zuwa bakwai, ya nuna kusan kashi 69 cikin ɗari na yaran da aka horar da iyayensu kan waɗannan dabaru sun samu sauƙin rigima a fili, a kan kusan kashi 40 na waɗanda aka yi wa iyayensu bayanin larurar kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da shirin horar da masu rainon yara 'yan shekara biyu zuwa tara a 2022, mai zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, kuma akwai darussansa kyauta a intanet.

Idan a arewacin Najeriya kike, ki fara da sashen yara na asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Ki tafi da littafin, da bidiyon, da kwalayen duk magungunan da ya taɓa sha. Ki nemi a duba kunne, haƙori, ido da ciki a ziyarar farko, ki kuma tambaya ko akwai masanin halayya ko mai koyar da magana da za a haɗa ku da shi. Bayan kun fara tsarin, ki ci gaba da ƙirga sau nawa yake yi a rana. Idan mako huɗu zuwa shida ya wuce adadin bai sauko ba, a sake duba jikinsa, a kuma sake duba ko dalilin da aka zata shi ne na gaskiya.